Canka a Filin Nakiya

Zuwa ga Shahinda, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan randar da nake tunawa duk sa'ad da rana ta take a kan hamadar nan,

Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi, gaisuwar wanda ya yi wata biyu bai ga fuskar da yake so ba. Jiya kin kira ni sau uku ban ɗauka ba, na kuma san kin yi fushi, irin fushin nan naki da kike hawa jera kwalaben kantin magani alhali tun safe a jere suke. Ki yi haƙuri, ya ke abar ƙaunata. Muryarki tana sa ni in ce to kafin in yi tunani, maganar da ke bakina yau kuwa ba ta son to. Shi ya sa na nemi inuwar motar ruwa na ɗora takarda a gwiwa. Ƙarfe biyu ne na rana, sansanin ya yi tsit kamar an kwashe mutanensa, ko ƙuda ba ya motsi.

Kin tuna Juma'ar da muka zauna a kan katangar bakin teku a Iskandariyya, kina cin gasasshiyar masara, iska tana wasa da gefen mayafinki? Wace rana ce ta kai wannan daɗi? Na ɗauka yawo muka fito, ashe ke da shirinki. Kika zaro takardun makarantar koyon kasuwanci daga jaka, kika ce shekara bakwai ina tonon abin da Turawa suka binne tun ba a haifi mahaifina ba, ya isa haka. Kin riga kin bincika komai: in makarantar ta ɗauke ni a bana, rundunar sojanmu za ta sake ni in tafi karatu, daga nan kuma sai ofis, in ba ta ɗauke ni ba, sunana yana cikin waɗanda za su ƙara shekara uku a filin nakiya. Mahaifinki ma ya ce ranar da na bar filin ita ce ranar da zai sa mana rana. Abu ɗaya ya rage, jarrabawar shiga. Na ce miki jarrabawa ai wasan yara ce ga wanda ya saba kwance nakiya, kika yi dariya har masarar ta faɗa teku.

Ba ni kaɗai na shiga harkar ba, kin sani. Tare muka sayi littattafan da Kyaftin Bishoy Fahim, abokin layina, wanda kika ce dariyarsa ta fi jikinsa girma. A aikinmu mutum biyu ne a kowane layi, ɗaya a gaba da na'urar lalube da abin saurare a kunne, ɗaya a baya yana kallonsa. Ƙa'idar kuma ɗaya ce tun ranar farko: in na'ura ta yi ƙara, ka tsaya. Ka durƙusa ka tona a hankali, ko da ka tona sau ɗari a ranar kana samun ƙusa da gwangwani. Ba a cewa wataƙila. Jarrabawar nan kuwa, masoyiyata, wanda ya tsara ta bai taɓa taka filinmu ba. Kwamfuta tana ba ka tambaya ɗaya, agogo yana gudu a kusurwa, minti biyu ne rabonka. In ba ka sani ba, ka canka ka wuce, domin tambayar da aka bari babu amsa ta fi wadda aka faɗi jawo asarar maki. Bishoy ya kama wannan cikin mako biyu. Ni kuwa sai in kafe a kan tambaya ɗaya kamar jakin da ya ga rafi, shi kuma ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wuce, kai tsoho. Ba za ta tashi da kai ba." Gefen littafinsa duk ya cika da wannan kalma ta "wuce", ya rubuta ta da fensir a kusan kowane shafi.

Abin da ya faru a watan Afrilu kin ji shi a taƙaice, ban taɓa ba ki shi yadda na gani ba. Laraba ce da hantsi, a layi na huɗu, ina bayansa da taku ashirin da biyar. Na ga ya ɗan tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraro, sannan ya ɗaga ƙafa. Ba zan rubuta miki sauran ba. Masu bincike sun zo sun auna sun tafi, babu wanda ya iya faɗin abin da ya sa mutumin da ya yi shekara tara a filin ya ji ƙara ya ɗaga ƙafa. Allah ya yi masa rahama.

Akwai wata al'ada a rukuninmu da ban gaya miki ba, don ban so ki ga kamar mun zautu. In ɗayanmu ya rasu a fili, ba a cire sunansa daga kiran sunan safe sai ya cika kwana arba'in. Saje Atiyya zai kira sunan a wurinsa, abokin layinsa kuma ya buga ƙafa ya amsa, "Yana nan." Ni ne abokin layin Bishoy. Kullum da safe ina amsa masa, har bakina ya saba.

Ranar jarrabawar ta faɗo a kwana na talatin da uku. Tun watan Fabrairu muka yi rajista tare, kuma babu wanda ya tuna ya soke tasa. A hawa na tara na wani dogon gini a Alƙahira, wata mata mai gilashi tana zaune bayan tebur tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Hankalina yana kan lissafi, sai na ji ta ce, "Bishoy Fahim." Shahinda, kafin in ankara na miƙe tsaye, na haɗa dugadugai, na ce yana nan. Ta karɓi katin shaidata, ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce, "Malam, ai wannan ba kai ba ne. Ko rubuta masa ka zo yi?" Sai da na yi mata bayani a gaban mutum goma sha biyu, da kayan gida a jikina. Ta ba ni haƙuri, ta kai ni kujera ta shida. Ta bakwai tana gefena babu kowa, an ɗan jawo ta baya kamar mai ita ya tashi shan ruwa, kwamfutarta a kunne, sunansa yana kan allon yana jira.

Sun ba mu abin toshe kunne saboda hayaniya. Da na saka shi duniya ta yi shiru irin shirun filinmu. Na amsa tambaya goma sha takwas lafiya lau. A ta goma sha tara na ji ƙarar. Siririya ce, gajeruwa, irin wadda ƙaramin ƙarfe yake yi a ƙarƙashin rairayi. Na san babu na'ura a ɗakin, na san a hawa na tara nake, amma hannuna ya ƙi motsi. Minti goma sha ɗaya na yi a kan tambaya ɗaya, ina bi ta kowane gefe, har na tabbatar da amsar. Da agogo ya cika, tambaya bakwai ban ko gan su ba. Makina ya fito ƙasa da abin da makarantar ta saba ɗauka da arba'in.

Ke kika ce in sake. Kin samo mini gurbi ɗaya da ya rage kafin a rufe karɓar takardu, nan da mako biyar, kika ce maki arba'in ba komai ba ne in na koyi sakin tambaya. Gaskiya kika faɗa, ya ke wadda zuciyata ta zaɓa, kuma don ke na yi. Mahaifiyar Bishoy ta aiko mini da littafinsa. Kowace rana a hutun tsakar rana ina ɗora agogo a gefe ina koyon canka: minti biyu, zaɓi, wuce. Makina a gwaji ya hau, ya ƙara hawa, ya zarce abin da ake nema. Na turo miki hoton sakamakon kika aiko mini da muryarki kina guɗa a bayan kanti. Na saurare ta sau nawa? Ni ma ban sani ba. Kwana arba'in sun cika, Saje ya daina kiran sunan, sai dai yakan ɗan yi shiru in ya zo wurin, mu kuma duk mu riƙe numfashi har ya wuce.

Shekaranjiya Litinin aka ce mu ƙarasa layi na huɗu. Ina gaba, Saje Atiyya yana bayana. Wajen ƙarfe goma na'urar ta yi ƙara, siririya, gajeruwa. Sai na ji maganar, kuma na rantse miki da wanda ya halicci idanunki, a cikin abin kunnen na ji ta, ba a cikin kaina ba. Muryar Bishoy ce, da 'yar dariyar nan a ƙarshe: wuce, kai tsoho. Raina ya ce gwangwani ne. Na ɗaga ƙafa na tsallake wurin na ajiye ta a gaba, a kan ƙasar da ban lalube ba.

Usur ɗin Saje ne ya dawo da ni. Na tsaya a inda nake, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, gumi yana bin bayana. Ya lalubo hanya zuwa gare ni taku bayan taku, ya kusa rabin awa yana tafe, da ya iso ya ce, "Yallaɓai, in ka gaji da duniya ka riƙa faɗa mana mu matsa baya. Ni ko shayin hantsi ban sha ba." Wasa ya so ya yi amma gashin bakinsa yana rawa. Muka durƙusa muka tona wurin tare. Gwangwanin nama ne, ya yi tsatsa, ya fi mahaifina shekaru. Cankar da na yi daidai ce.

Da nakiya na tarar, Shahinda, da na yi sujada na gode wa Allah na ɗauki darasi. Amma gwangwani na tarar, kuma a ƙasan tsorona na ji wani abu kamar daɗi, irin daɗin da nake ji in na duba bayan littafi na ga na canka daidai. Wannan daɗin shi ne ya hana ni cin abinci tun ranar. Da muka koma inuwa Saje ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe yana juya hularsa. Sannan ya gaya mini cewa a watan Maris ya ga Bishoy ya yi haka sau biyu, ya tsallake ƙara, kuma duk biyun da aka tona ƙusa ce. Bai kai ƙararsa ba don Bishoy hafsa ne, don kuma yana son sa. Ya ce, "Na uku ne a layi na huɗu, yallaɓai. Kai yanzu ka yi na ɗaya."

To, ga maganar da na kasa faɗa miki a waya. Na soke gurbin jarrabawar. Yau da safe na aika wa makarantar takarduna da makin da nake da shi, mai ƙarancin arba'in, a wurin da suka ce mutum ya ƙara bayani in yana so kuma na rubuta layi uku a kan aikina da yadda yake hana ni canka. Littafin na mayar wa mahaifiyarsa. Saura kwana goma sha huɗu a yi jarrabawar, cikinsu goma a fili zan yi su. Ta yaya zan koya wa hannuna canka da tsakar rana, sannan in hana ƙafata ita da safe? Jiki ɗaya ne, masoyiyata, ban iya raba shi biyu ba.

Na san abin da na jefa mu a ciki. Mai yiwuwa su karanta layi ukun nan su fahimta, mai yiwuwa kuma su dubi makin kawai su ajiye takardar gefe. In haka ta faru, shekara uku ce, kuma mahaifinki ba zai sa rana ba. Shekara uku ba tare da ƙamshin gashinki ba, ba tare da na ji kina yi mini tsiya a kan yadda nake zuba sukari cokali huɗu a shayi ba! Ina rubuta wannan ina jin tsoro ƙwarai kada ki ce na zaɓi filin na bar ki. Wallahi ke na zaɓa. Ki yi fushi yadda kike so, ki kira ni matsoraci, ki kira ni tsoho yadda Bishoy yake kira na, amma ina roƙon ki kada ki ce in sake, domin in kika ce zan ce to.

Gobe da sassafe zan koma layi na huɗu, saura taku sittin mu gama shi. Har yanzu ina jin Bishoy, jiya ma ya yi magana sau biyu, ba da mugunta ba, da muryar nan tasa ta mai son abokinsa ya ci jarrabawa. Zan tsaya a kowace ƙara ko ta ƙusa ce. In ya ce in wuce, zan durƙusa.

Naki ne ni a bana da baɗi da duk shekarar da Allah ya ƙara mini, ko sun ɗauke ni ko ba su ɗauke ni ba, kuma babu sunan da zan rubuta kusa da nawa sai naki,

Hazim