Rawar Hannu a Bayan Katanga

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya mai jego, yaya jikanyar tamu? Allah ya raya ta. Mu nan lafiya lau, in ban da tukunyarki da na ƙona, wadda za mu yi shari'arta idan kin dawo.

Labarin ɗanki zan ba ki. Kin san yadda nake masa tsiya, ƙato da gemu yana cin albashi a kan wasan kwamfuta. To, na janye maganata. Tun da kika tafi ya kwaso aikin ya baje a falo, na gani da idona, kuma wallahi yaron nan ya burge ni.

Wasan na sojoji ne, ƙungiya biyu ke faɗa. Rabon Auta a ciki shi ne abin da suke kira danniya. Idan abokan gaba suka yi ta ɓarin wuta kusa da kai, ko harsashi bai taɓa ka ba, sai allon ya yi dishi-dishi, bindiga ta kama rawa a hannunka, dole ka laɓe bayan katanga. Da ya ƙara mata ƙarfi, 'yan wasa suka yi masa ca, wai ya makantar da su. Da ya rage, sai kowa ya riƙa ratsa wuta a guje kamar awaki sun hango dusa. Gaba kura, baya siyaki. Shugabansu ya ce saura gwaji ɗaya: idan jama'a suka sake ƙi, za a cire danniyar ɗungurungum, aikin da ya ƙarar da idonsa a kai ya tashi a banza.

Abin da ya fi burge ni, ba ya taɓa zama a ɓangaren masu harbi. Kullum shi ne kwance bayan katanga, abokan aikinsa suna yi masa ruwan wuta, wai sai wanda aka danne ya san nauyin danniya. Jiya ya ɗora ni a kujerar. Da wuta ta buɗe, ni da na yi shekaru ina jan babbar mota ban razana ba, sai na ji bakina yana kiran sunansa, alhali yana tsaye a kaina. Na zaci dariya zai yi. Sai kawai ya ce in tashi in ba shi kujerar.

Ki sa shi a addu'a, ya rame.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku duka. Albishirinki!

An yi gwajin, danniya ta tsira. Bai rage mata ƙarfi ko kaɗan ba. Abu ɗaya ya ƙara: idan an danne ka, wani ɗan ƙungiyarku ya rarrafo ya kwanta kusa da kai, sai rawar hannun ta lafa, allon ya washe. Ya nuna mini hoton wasan. Mutanen da ba su san juna ba, waɗanda a da kowa ta kansa yake yi, ga su nan suna jan ciki a ƙarƙashin wuta don su isa ga ɗan'uwansu. Shugaban nasu ma an ce sai da ya nemi a ba shi kujera.

Na bugi ƙirji na ce ai ni na ba shi dabarar, ranar da na kira sunansa. Ya ce ni dai tuna masa na yi, amma mai dabarar ke ce. Wai yana yaro, idan aka fara tsawa, ƙarƙashin teburin ɗinkinki yake shiga yana karkarwa. Ba kya ce masa ya daina tsoro, ba kya jawo shi waje. Sai ki sauko ƙasa da ɗinkinki, ki zauna gefensa kina aiki har jikinsa ya lafa. Ni ina kan hanya, ban ma san ana yi ba.

Yanzu dubban mutane za su riƙa yin abin da kika yi, ba su san daga ina ya fito ba. Ni na sani, kuma ina alfahari da ku biyun.

Idan mai jego ta yi ƙwari, ki dawo da wuri. Ba zan ɓoye miki ba, tun da kika tafi nawa allon dishi-dishi yake.

Naki har kullum,
Baban Auta