Kabad ɗin Kayan Shayi

Lahadi

Zuwa ga angona, ragon miji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da yarinyar nan da ka ajiye a gida kake kira matarka. Ni dai ina nan gidan gwaggonka, gwiwa ta ƙi, likita ya hana ni takawa. Sun jingine ni a ɗaki kamar tsohuwar tabarma.

Direba ya kawo takardarka. Sau biyu na karanta, na farko don in gane, na biyu don in yi dariya. Ashe akwai ranar da jami'a za ta nemi tsohuwar da ta tsaya a aji huɗu? Ba kai ne bara ka zauna bakin gadona kana cika baki ba, wai an ba ka ofishin adana bayanai, kun kwashe takardun ɗalibai na shekara hamsin kun zuba a kwamfuta, danna ɗaya mutum ya fito har da hotonsa? To danna mana!

Bari in ajiye wasa, don maganar ta hana ni sukuni. Ka ce wata shugabar makarantar firamare ce, shekararta ashirin da huɗu tana koyarwa. Hukumarsu na tantance takardun malamai, sun rubuto muku, kwamfutarku ta ce matar ta bar karatu a shekara ta uku. Litinin ta sama za su zauna, in ba ku gaskata ta ba su kore ta, a ce takardar jabu ta riƙe. Kai ne kuma mai sa hannu.

Kada ka sa. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin nan, na shiga da tsintsiya na fita ina jera fayil, na san irin ƙaryar da takarda ke yi. Ka tambayi matar abu ɗaya: ta haihu tana cikin karatu? Kada ka tsaya sunkuyar da kai, ta haifi kamarka.

Kuma kada ka kira ni a waya. Ka san kunnena, sai in ji kamar kana magana a cikin tulu. Rubuto.

Uwargidanka ta gaskiya,
Kaka

Talata

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na tambaye ta. Ta ce eh, a shekara ta uku ta haifi ɗanta na fari, ta yi shekara guda a gida, ta dawo ta gama. Yaya aka yi kika sani?

Kaka, matar nan kullum tana kan bencin ƙofar ofishina tun kafin a buɗe. Ba ta roƙo, ba ta faɗa, jakarta kawai take riƙewa a cinya. Na sake duba babban littafin rajista da idona: an ja wa sunanta jan layi, an rubuta “ta bari”. Na bi kanta-kanta, lambarta tana jikin fayil ɗin wani mutum daban. Magatakarda ya leƙo sau biyu yau, ya ce in ba mu da ita in rubuta ba mu da ita. Na kasa zama a kujerata. In akwai abin da kika sani, don Allah ki faɗa ba tare da zagaye ba.

Naki,
Angon da kika raina

Laraba

Angona,

Na gaishe ka. Zagaye kam sai na yi, haka Allah ya yi bakina, amma zan gajarta.

A zamaninmu akwai doka: duk ɗalibin da aka yi zango biyu ba a gan shi ba, a ja masa jan layi a babban littafi, a ba wani lambarsa, a kai fayil ɗinsa ɗakin ƙasa. Ɗakin ƙasa kuwa gara da ruwa ke mulki a can, abin da suka rage a ƙone bayan shekara biyar. Wanda ya kafa dokar bai taɓa ɗaukar ciki ba. Yarinya ta tafi haihuwa, ta dawo da goyo, a ce mata ai ke kin bari, babu ke. Na ga masu kuka a ƙofar nan har na gaji.

Sai na samu wani kabad na ƙarfe, kore, ƙofarsa ta hagu a lotse. Na rubuta a jikinsa da farin fenti: KAYAN SHAYI. Magatakardan lokacin mutum ne mai ji da kansa, ko kusa da abin da masinjoji ke ci ba ya zuwa. A kanta ta sama na jera kofuna da gwangwanin sukari, a ƙasa kuwa duk wadda na ga cikinta ya tsufa, ranar da aka ja mata layi sai in ɗauke fayil ɗinta in ɗaure da zare in ajiye. In ta dawo, in kai wa shugaban sashensu in ce ga shi an tsinta. Malamai su ci gaba da aiko sakamakonta, ni kuma in zuba a ciki. Amma gurbinta a kanta an riga an ba wani, babban littafi kuma ba irina ke taɓa shi ba. Don haka ko ta gama, gidanta kabad ɗina.

To kun zo da injinku kun kwafi littafi da abin da ke kan kanta. Littafin bai san komai ba.

Laifina ɗaya, kuma tun Lahadi yake cina. Da zan bar aiki na faɗa wa wanda ya gaje ni, baki da baki, ban rubuta ba. Shi kuma bai shekara biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Na ɗauka wani zai buɗe don neman sukari ya gani.

Kabad ɗin yana bayan ƙofar ɗaki na biyu. Ga makullin nan a cikin ambulan, shekara goma sha tara yana cikin jakata, gwaggonka ta sha cewa in jefar. Tashi ka tafi, me kake jira?

Kaka

Juma'a

Kaka,

Gaisuwa a gurguje. Na karanta takardarki. Kabad ɗin ba ya bayan ƙofa. Ni da kaina na sa aka fitar da shi wata huɗu da suka wuce, da za a kafa injinan sanyaya ɗakin kwamfuta. Na karanta abin da ke jikinsa, na gwada ƙofar ta ƙi, na rubuta “tarkace”.

Jiya tun safe nake yawo. Mai sito ya ce ya tura wa sashen gyare-gyare. Can suka ce tarkacen ƙarfe an loda wa masu sayen ƙarafa tun watan jiya. Na tsaya a tsakar filin ban san inda zan nufa ba, ita kuma Malamar tana biye da ni da jakarta. Sai wani tsohon kafinta ya ce, “Kore? Mai kayan shayi? Ai mun hana a tafi da shi, a kansa muke ɗora butarmu. Mun ce wata rana mai makullin zai zo mu ga ko da sauran sukari.”

Makullin ya buɗe, Kaka. Kofuna shida, sukari ya zama dutse. A ƙasa fayil arba'in da uku, kowanne da zarensa. Nata ne na goma sha bakwai: sakamakon shekara huɗu cif, da sa hannun shugaban sashe, da kwafin shaidar kammalawa. Ta zauna a kan bencin kafintoci ta rufe fuska da mayafi. Magatakarda ya juya takardun ya fi sau biyar kafin ya buga hatimi.

Amma akwai na can ƙasa, wanda zarensa ya fi tsufa. Hoton Umma ne a jiki, tana yarinya. Shekara biyu ta yi, sakamako mai kyau, daga nan babu komai. Ba wanda ya taɓa faɗa min ta shiga jami'a. Kwamfutarmu gida uku gare ta: ya gama, an kore shi, ya bari. A ina zan sa ta?

Naki,
Jikanki

Asabar

Mai tarkace,

Alhamdu lillahi. Yau na ci abinci har na nemi ƙari. Ka gai da kafintan nan, ka ce in na warke shi zan aura, ya fi ka sanin darajar kaya.

Fayil ɗin uwarka shi ne na farko da na ɓoye. Ranar sunanka aka ja mata layi, ina tsaye da tsintsiya ina kallo. Kai ne ka fara ɓata wa jami'a tsari tun kana ɗan kwana bakwai, yanzu kuma wai kai aka ba gyara. Bayanka tagwaye suka zo, sai ɗinki, sai shekaru. Ba ta taɓa cewa ta bari ba, ni ma ban taɓa ji a bakinta ba.

Gida uku ya yi kaɗan. Kabad ɗina mai ƙofa a lotse ma ya san da na huɗu. Ka buɗe shi a injinka, kuma wannan karon a rubuta, kada a bar wa bakin tsohuwa. Sauran arba'in da ɗayan nan ma ka nemo su kafin wata hukuma ta nemo su.

Kaka

Litinin

Uwargida,

Barka da hutawa. Hukuma ta zauna, Malama tana bakin aikinta. Ta ce in tambaye ki girman ƙafarki, ban san me take shiryawa ba.

An buɗe gida na huɗu, mun sa masa “ana jiranta”. Na nuna wa Umma a waya. Ta ce in daina shirme, ta juya kan keken ɗinkinta. Da zan fita ta tambaye ni, ba ta ɗago ba, wai ƙarfe nawa ake buɗe ofishinmu.

Angonki