Ƙarfen Ƙafar Zuwaira da Shirinku na Zaratan Sama

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Shirye-shirye na gidan talabijin da ke nuna wa yara Zaratan Sama duk Asabar da Lahadi da hantsi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Sunana Lawali, ɗan koli ne ni a Tasawa. Ina da tebur a kasuwar gari, sauran ranaku kuma ina ɗaura kaya a bayan moto, wato babur, in bi kasuwannin Mayahi da Kanan-Bakashe da Sarkin Hausa. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka in ka ga gargada a rubutun nan ka yi haƙuri. Na rubuto a fili ne domin na gwada hanyar waya ba ta kai ni gare ka ba.

Na ɗaya. Bari in fara da laifina, kada wani ya riga ni faɗa. Takubban roba masu kunna wuta, irin waɗanda jarumai uku na shirinku ke riƙewa, ni na fara kawo su Tasawa daga Maradi. Kafin ƙaramar Sallah da ta wuce babu abin da ya kai su tafiya a tebur ɗina. Har ƙauyukan da ba su da wutar lantarki na tarar yara sun san waƙar shirin, sun kalla a wayar yayyensu. Ban yi mamakin son da suke masa ba. Launinsa na ɗaukar ido, waƙarsa na shiga kai, ga shi kun juya shi zuwa Hausa, yaro na jin jarumi mai tashi sama yana magana irin ta gidansu.

Amma mai sayar da kaya yana da ido, kuma na zauna na kalla. Labari ɗaya ne kuke maimaitawa kowane mako. Mugu ya zo, a fara cin jarumai da yaƙi, sai sabon makami ya faɗo musu daga sama, su yi nasara. Hoton gudunsu guda ne, ana ta dawo da shi. Bakinsu na motsi bayan magana ta ƙare. Mutum ɗaya ke yin muryar mutum uku, har yaran sun gane shi. Kuma duk makamin da ya faɗo daga sama ranar Asabar, ba a yin mako biyu sai in gan shi cikin kwali a shagon dillali. Talla ce mai tsawon rabin awa, aka yafa mata rigar labari. Na gane haka tun farko, na yi shiru, domin ina ci a ciki.

Na biyu. Ina da ɗiya, Zuwaira, shekararta tara. Tana 'yar shekara biyu zazzaɓi ya kama ta, ya tafi da ƙafarta ta hagu. Shekara uku tana rarrafe. Daga baya muka kai ta Maradi aka auna ta, aka ƙera mata ƙarfe mai ɗauri da fata daga cinya zuwa tafin ƙafa. Da shi ta koyi tafiya, da shi take zuwa lakwal, wato makaranta, kuma mushensu, malamin ajinsu ke nan, ya sha gaya mini babu wanda ya kai ta lissafi a ajin. In tana tafiya ƙarfen na yin ɗan ƙara a gwiwa. Mu a gida da wannan ƙarar muke sanin ta dawo.

Ta so shirinku fiye da kowa. Cikin jarumai ukun akwai mace mai koren takobi, ita ce tata. Ta roƙe ni na ba ta irinsa, tana kwana da shi a gefen matashi.

Na uku. Ana cikin haka kuka fito da sabon mugu, wani tsoho mai jan ƙafar ƙarfe. Duk inda zai ɓullo sai an fara jin ƙarar ƙafarsa. Kuka raɗa masa suna Ja-Ƙafa. Jaruman kan kira shi gurgun banza, su ce Allah ne ya san halinsa shi ya sa ya karya shi. Ranar da ya fara fitowa ɗakina cike yake da yaran unguwa, suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don muryar da aka ba shi ta ban dariya ce. Da na waiwaya sai na ga Zuwaira ta ja zanenta ta rufe ƙafarta.

Daga baya na nemi mushensu ya duba mini shirin a Faransanci yadda ya zo muku. Ya ce sunan tsohon a can ba shi da alaƙa da ƙafa, kuma babu inda aka zage shi da gurguntaka ko aka ambaci Allah. Ke nan sunan da zagin ba daga waje suka zo ba. A ɗakin aikinku aka ƙirƙire su, Bahaushe ne ya zauna ya zaɓe su don yara su yi dariya, wani kuma ya saurara ya ce ya yi.

Mako bai zagayo ba sunan ya bi ta lakwal. Yara na wasan Zaratan Sama lokacin hutun hantsi, kowa na son zama jarumi, ba mai son zama mugu. Sai suka kira ta. Ranka ya daɗe, ka san abin da ya fi ci mini rai? Da murna ta dawo gida ranar. Ta gaya wa uwarta yau an sa ta cikin wasa. Shekara uku tana zaune a gindin bishiyar bedi tana kallon ana guje-guje, ba a taɓa cewa ta zo ba sai ranar. Aikinta shi ne ta ja ƙafa ta nufo su, su sare ta da takubba, ta faɗi. Kullum sai ta dawo da ƙasa a riga, in an tambaye ta ta ce wasa ne. Ta daina fita da koren takobinta, domin sun ce mugu ba ya riƙe shi.

Na huɗu. Wata Lahadi kuka nuna kashin da jaruman suka danne Ja-Ƙafa, suka kwance masa ƙafar suka jefa a rami. Ya bi su da rarrafe yana roƙo, su kuma suna tsaye da hannu a ƙugu suna dariya, kiɗan nasara na tashi. Na auna, ya fi minti biyu yana rarrafen nan.

Ranar Talata ina kasuwa. Da aka tashi lakwal da tsakar rana, yara biyar suka tare ta a hanyar bayan lambu, inda akwai tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba. Biyu suka riƙe hannuwanta, ɗaya ya zauna a kan ƙafarta mai lafiya, sauran suka kwance ɗaurin. Suka jefa ƙarfen a rijiya, suka yi waƙar shirinku, suka tafi gida cin abinci. Bazara ce, ka san yadda rairayi yake a wannan lokacin. Ba ta yi kuka ta kira mutane ba, kunya ta hana ta. Ta rataya jakarta a wuya ta kama rarrafe. Wani mai amalanken jaki da ke dawowa daga ɗaukar ruwa ne ya tsince ta kusa da bakin hanya, ya kawo ta gida. Tafin hannuwanta biyu da gwiwarta ta dama duk sun saluɓe. Kwana goma sha ɗaya uwarta na ba ta abinci a baki.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kwance ɗaurin Nasiru ne, ɗan ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Ya san yadda ake kwance shi saboda a gidana yake wuni. Takobin da ke hannunsa ni na ba shi goron Sallah.

Na biyar. Ba zan ɓoye abin da na yi ba. Na je gidan ƙanena na tarar da yaron na cin tuwo. Na cire igiyar da nake ɗaure kaya a moto na dake shi har sai da maƙwabta suka ɓalle ƙyaure suka riƙe ni. Shekararsa goma. Yana ta cewa shi jarumi ne a wasan, haka ake yi. Har yau akwai tabo a bayansa. Ƙanena bai ƙara yi mini magana ba, a masallaci in na tsaya a wannan sahu sai ya koma wancan. Mahaifiyarmu ta taso daga Sarkin Hausa a kan amalanke don ta sasanta mu, ta kwana uku tana kuka, ta koma ba ta yi nasara ba. Wannan ɗaukar alhakin nawa ne, ban ɗora muku shi ba. Na faɗe shi ne don ka san iyakar inda abin ya kai.

An samu mai haƙar rijiya ya sauka ya ciro ƙarfen. Maƙeri ya miƙe shi, baduku ya sake masa fata. Yana nan rataye a bayan ƙofa. Zuwaira ta ƙi saka shi. Mun lallashe ta, mun yi faɗa, mushensu ya zo har gida sau biyu, daraktan lakwal ya hori yaran a gaban kowa. Ta ce ba ta son a ƙara jin ƙarar zuwanta. Ta koma rarrafe daga ɗaki zuwa tsakar gida kamar yadda take tana 'yar shekara huɗu, kuma ba ta sake taka lakwal ba. Wata safiya ina ɗaura kaya ta kira ni ta ce, "Baba, shi Ja-Ƙafa, muguntarsa ce ta sa ƙafarsa ta mutu, ko mutuwar ƙafar ce ta sa ya zama mugu?" Na ce mata zane ne kawai, babu shi a duniya. Ta ce ta sani, amma wanne ne. Kai da ka sa hannu aka nuna shi, wataƙila kana da amsar.

Na shida. Na kira lambar da kuke sakawa a ƙasan allo don yara su gaida abokansu. Sau biyu ba a ɗauka ba. A na uku wata matashiya ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce shirin ne yara suka fi so a duk abin da kuke nunawa, kuma uban da bai gamsu ba yana da damar kashe talabijin ɗinsa. Na kashe tawa, ranka ya daɗe. Ta gidajen yara biyar ɗin nan ba a hannuna take ba.

Zuwana Maradi na ƙarshe, dillalin da nake sarin kaya wurinsa ya buɗe mini sabon kwali yana fara'a. Ɗan tsanan Ja-Ƙafa ne, an yi shi da ƙafar da ake cirewa a mayar. Ya nuna mini yadda ake ɓalle ta da babban yatsa, ya ce wannan sai ya fi takubban kasuwa. Ban ɗauka ba, takubban ma na daina sayarwa. Mai teburin da ke kusa da nawa ya ɗauka. Ina zaune ina kallon iyaye na saya wa 'ya'yansu, kuma kun fara tallarsa a tsakiyar shirin.

Ga abin da nake roƙo. Ku cire sunan Ja-Ƙafa da duk zagin da kuka ƙara da bakinku, tunda ku kuka sa su, cire su ba zai gagare ku ba. Kashin da aka kwance masa ƙafa kada ku sake nuna shi, na ji kuna maimaita tsofaffin kashi lokacin hutun makaranta. Ku daina tallar ɗan tsanan. Shi kuma wanda ya yi muryar Ja-Ƙafa, ban nemi a kore shi ba, yana da iyali. Ina so a ba shi wannan takarda ya karanta, sannan ya fito a daidai lokacin shirin, da fuskarsa da muryarsa ta gaskiya, ya gaya wa yara cewa mai ƙarfe a ƙafa ba mugu ba ne. Sun ƙi ji daga bakin mushe da liman. Daga bakinsa za su ji, don shi ya koya musu na farkon.

Ban nemi ku biya ni komai ba. In kuna da wanda ya san yadda ake shawo kan yarinya 'yar shekara tara ta yarda ta sake miƙewa tsaye, ku turo shi Tasawa, a tambayi teburin Lawali a layin 'yan koli.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah ya raya maka zuri'a, ya ba su ƙafafu masu lafiya su da 'ya'yansu, domin na ga abin da gidanku ke koya wa yara su yi wa wanda ba shi da su.

Wassalam.

Lawali ɗan koli, mahaifin Zuwaira,
Tasawa.