An Kawar da Injin, Amma Maigida Ya Ce In Bar Ɗakin

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni nas ce, muna zaune a Ƙofar Kibo, a Zariya. Bara aka mai da ni ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu. Gwaggo, ɗakin nan bai san shiru ba. Injin wuta na ruri a bayan taga, ana mirgina tukwanen iskar numfashi a kan siminti, keken magani kuma ƙafarsa ƙarfe ce. In na koma gida kunnena na ta ƙugi, abinci ba ya shiga, ko ɗiyata ta fara waƙar makaranta sai in ji kamar ana sara mini kai.

Ran nan wani dattijo, Malam Bahago, numfashinsa ya sarƙe, ya yi ta kira, ba wadda ta ji shi. Allah ne ya sa na waiwaya. Washegari na tara abokan aikina muka sami shugabarmu, Sista Ethel, mutuniyar Wusasa. Ta jawo babban likita ta tsayar da shi jikin tagar tana yi masa magana, shi kuwa sai cewa yake, "Me kika ce?" Kafin wata ya mutu an mai da injin can bayan wajen wanki, an sa wa kekuna ƙafar roba, an shimfiɗa buhuna ƙarƙashin tukwanen. Yanzu ko tari majinyaci ya yi muna ji, ni ma ƙugin kunnena ya lafa. Malam Bahago da ƙafarsa ya koma gida!

Ga matsalar. Maigidana, Malam Zailani, tun ina cikin wahalar ya nema mini canji zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar Kongo, nan Zariya, yanzu canjin ya fito. Ni kuwa ba na son barin ɗakin da muka gyara. Yaya zan yi?

Mai jinya, Zariya

'Yata, barkanki! Abin da kuka yi ba ƙarami ba ne, kun ceci kunnuwanku da rayukan bayin Allah.

Amma kada ki ga laifin Malam Zailani. Shi ya ga ramarki, bai ga ɗakin bayan gyara ba. Ki fara gode masa. Sannan ki je wurin likitan kunne ya duba ki, ki gaya wa maigidan sakamakon ba ɓoye-ɓoye. Ki roƙi Sista Ethel ta bar shi ya tsaya bakin ƙofar ɗakin, ya ji shirun da kunnensa. Ki nemi ya ba ki lokaci zuwa bayan Salla. In ƙugin ya dawo, ki tafi Kongo ba kunya, gyaran da kuka yi yana nan. In kuwa kina cin tuwonki, kina sauraron waƙar ɗiyarki, ina jin shi da kansa zai ce ki zauna.

Allah ya ƙara lafiya, ya ba majinyatanku sauƙi.

Gwaggonki