A Kan Kwalta Ya Faɗi

Litinin, 6 ga Maris, 1939, Shanghai

An harbe baban ƙawata Shulan da safe. Na biya mata mu tafi makaranta kamar kullum, ya fito da jaridarsa a hammata yana tsokanata, "Malama shiru-shiru, an ci kumallo kuwa?" Sai ga mutum biyu a kan keke. Ban yi ihu ba. Ban san dalili ba.

Talata, 7 ga Maris

An riƙe gawar. Titin gidansu na Majalisar Turawa ne, gidajen gefensa kuwa suna hannun sojan Japan. Babana ne tafintan Majalisa. Ya ce jakadu sun wuni suna gardama a kan inda baban Shulan ya faɗi. In a kan kwalta ne, 'yan sandan Majalisa za su miƙa shi ga iyalinsa. In a bakin ƙofa ne, Japan su ɗauke, kuma jaridar da yake bugawa ta sha caccakarsu.

Mama ta ce, "To me suka yanke?"

"Sun nuna takaici."

"Takaicin za a binne?"

Alhamis, 9 ga Maris

Shulan ta zo aji da farin zaren makoki a gashinta. Ta ce ran kwana bakwai ruhunsa zai dawo gida cin shinkafa, amma kakarta ta ce in ba a sa shi a akwati ba, ba zai gane hanya ba. Na ba ta rabin gasasshen dankalina. Abin da na iya ke nan.

Juma'a, 10 ga Maris

Jakadu suna son shaidar wanda ba ɗan gidan ba. Baba ya ce, "Auta, ke kaɗai ce. Ba zan gaya miki abin da za ki ce ba." Kofin shayinsa yake kallo.

A bakin ƙofa baban Shulan ya faɗi. Takalminsa ɗaya ne kawai ya kai kwalta. Ni ban taɓa yin ƙarya ba, ko a kan aikin gida.

Asabar, 11 ga Maris

Dogon tebur, Turawa uku, hafsan Japan ɗaya da farar safar hannu. Kowa na rusuna wa kowa. Har biskit aka ba ni.

Na ce a kan kwalta. Baba ya juya maganata da Turanci, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Hafsan ya ce in dube shi in sake faɗa. Na dube shi, na sake faɗa.

Lahadi, 12 ga Maris

Jiya da yamma aka kawo gawar baban Shulan gida. Yau kakar Shulan ta zuba masa shinkafa da kifi a kwanonsa, ta kore mu duka zuwa tsakar gida don ya ci a natse. Shulan ta jingina da kafaɗata ta yi barci.

Gobe Fada, limamin coci, zai zo makaranta, kowacce ta furta zunubanta. Na yi gyangyaɗi a ajin lissafi, na yi wa Mama gunaguni ran Laraba. Na ɗan ƙara tunani. Ina jin shi ke nan.