Hawayen Baturiya a Kan Soyayyen Dankali

Assalamu alaikum Yaya Falmata,

Ina gaisuwa. Ya jikinki, ya maigida da yara, ya Ingila? Mu nan Dukawuya lafiya lau.

Kin tuna Baturiyar da muke koyarwa tare, mai son tuwo, mai kushe abincin ƙasarsu? Bayan saukar gwamnatin soja an buɗe gidan abinci irin nasu, muka je muka ci soyayyen dankali. Ni dankalin salam na ji shi, amma ita tana kai loma sai hawaye. Ta ce, "Malama Hadiza, irin wurin nan marigayi babana yake kai ni ina yarinya."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe duk shekarun nan da kewar gida take zaune cikinmu!

Ke me kike marmari in aiko miki? Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza