Ni da Matar Ɗana da Fiziks

Litinin, 3 ga Maris
Saura kwana goma sha tara jarrabawa. Shekara goma sha bakwai ina tura marasa lafiya a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan a asibiti, yanzu da na nemi kwas ɗin ɗakin ɗaukar hoton ƙashi wai sai na ci fiziks. Bara na faɗi. Bana ce ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce ƙa'ida. Babban ɗana ya ce matarsa za ta koya min, tunda shi take koyarwa a sakandare. Yarinyar da har yau ba ta iya cin abinci a gabana.

Laraba, 5 ga Maris
Darasin farko. Wai aiki shi ne ƙarfin da ka sa sau nisan da abu ya matsa. Na ce to in na tallafe mara lafiya a tsaye minti goma ana gyara masa gado fa? Ta sunkuyar da kai. "Mama, a lissafi dai... sifili ne." Na ce ta je ta faɗa wa ƙuguna.

Alhamis, 6 ga Maris
Tambaya takwas, na ci biyu. Ɗaya ma canka na yi.

Lahadi, 9 ga Maris
Abin da ke ƙona min rai, ba ta taɓa cewa na yi kuskure. Kullum "Mama, kun kusa." Yau muna kan saurin aiki, wato a raba aikin da lokacin da ya ɗauka. Amsa wat ashirin ce, ni na samo dubu ɗaya da ɗari biyu. Wai na kusa. Sai da ta tafi na gano ban mayar da minti zuwa sakan ba. Ta gani sarai, kunya ta hana ta faɗa. Ni kuma girma ya hana ni tambaya.

Talata, 11 ga Maris
Na haura da wani dattijo hawan nan na bayan ɗakin tiyata. Shi da keken kilo tamanin, tsayin hawan mita uku, na yi sakan arba'in. Da na zauna hutu na buga a bayan takardar magani: wat sittin. Duk hakin nan da na yi, ƙarfin kwan lantarki ɗaya. Sista ta leƙo ta ce me nake wa tsaki.

Juma'a, 14 ga Maris
Gwaji ta yi min. Tara cikin talatin. Ta miƙo takardar da hannu biyu tana cewa ai an samu ci gaba. Na kasa daurewa. Na ce, "Ke, ranar jarrabawa takarda ba za ta ji kunyata ba. In za ki koya min ki koya min, in kuwa gaisuwa kika zo, mun gaisa." Idonta ya kawo ruwa. Ta tattara littattafanta. Na san na yi zafi, amma ban kira ta ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Ba ta zo ba. Ni da babin kuzarin motsi muna ta kallon juna.

Talata, 18 ga Maris
Ta zo da jan biro. Ko zama ba ta gama yi ba ta ja layi a kan aikina. "Ba daidai ba ne. Ba ku ninka gudun da kansa ba. Karo na uku ke nan. Ku sake." Na ɗago na dube ta, ba ta kawar da ido ba. Na sake. Awa biyu ba sassauci, har da ƙwanƙwasa tebur. Ashe haka take gasa 'ya'yan mutane. Ɗana ya shigo, ya ji muryarta, ya juya a hankali.
Sha tara cikin talatin.

Asabar, 22 ga Maris
An yi. Tambaya ta shida kan injin ɗaga kaya ce, lokacin a minti suka bayar don su kama irina. Ban kamu ba. Biyu na bari, lokaci ya ƙare. Sakamako sai watan Mayu.

Talata, 25 ga Maris
Ta zo karɓar littafinta. Na ce ban san inda na ajiye shi ba, ta dawo Alhamis. Yana cikin jakar aikina. Akwai babin zafi da ba mu taɓa ba, na gwada tambaya biyu a wurin hutu, don dai kada kai ya yi sanyi. Ta biyun ta ƙi fita. Na sayo mata sabon jan biro, wanda ta manta a nan ya kusa ƙarewa.